Taki nawa bindigar maharbi ke cika alƙawari?

Kwaja gari ne da ke cikin duwatsun Mandara, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. A irin waɗannan garuruwa na bakin iyaka, inda hanya ke da wuyar bi kuma ɗauki kan jima kafin ya iso, bindigar maharbi tana da aiki da yawa. Da ita ake korar birai daga gona, da ita ake samo naman miya, kuma tun bayan rikicin Boko Haram da ita ake gadin gari da dare.

Akasarin bindigogin nan irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki ne, wato adaka, wadda wasu ke yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Harsashinta ba ya zuwa a kwali daga masana'anta. Maharbi ne ke auna albarushinsa, ya zaɓi dalmarsa, ya ɗura da hannunsa, don haka kowane harbi sabon haɗi ne. A nan ne tambayar take: yaushe zai ce haɗin ya isa, har ya dogara da shi a gaban dabba, ko a gaban abin da ya fi dabba haɗari?

Tambayar ba ta tsaya a Mubi ba. A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin bindigarsa a gida, masu wannan sha'awa sun daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Ma'auninsu shi ne yadda ramukan harsashi ke taruwa a jikin takarda. Idan duk suka faɗa cikin da'irar da faɗinta bai wuce kimanin santimita 3 ba daga nisan mita 100, sai su ce haɗin ya yi kyau. Wasu kan ɓatar da watanni da kuɗi masu yawa don rage santimita guda, alhali barewar da za su harba tana da wurin kisa a ƙirji mai faɗin kusan santimita 20.

Babban tarkon da ke cikin gwajin shi ne ƙarancin harbi. Mutum ya harba uku, ya ga sun haɗu wuri guda, sai ya rufe littafi. Amma lissafi ya nuna cewa bindiga ɗaya da harsashi iri ɗaya, idan aka harba goma maimakon uku, warwatsuwar ramukan kan ƙaru da fiye da rabi. Ba bindigar ce ta lalace ba; ukun farko ne ba su faɗi dukan gaskiya ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a sashen binciken kuɗi ya san ba a wanke ma'aikata da rasit uku. Shi ya sa masana harsashi ke ba da shawarar harbi ashirin ko talatin kafin a yanke hukunci.

Maharbin Kwaja ba shi da wannan sukunin. Albarushi kuɗi ne, kuma ƙarar bindiga sau ashirin a bayan gari, a yankin da ya ga yaƙi, za ta tayar da hankalin mutane kafin ta koya masa komai. Abin da yake da shi shi ne shekaru. Ya san bindigarsa kamar yadda mahayi ya san dokinsa: wace kusurwa take karkata, a wane nisa dalma ke fara faɗuwa. Ma'auninsa taki ne, kuma dabararsa ita ce ya matso. Sanɗa, karanta iska, haƙurin kwanto a bakin ruwa, duk hanyoyi ne na rage nisan da bindiga za ta yi aiki a cikinsa.

A gaskiya wannan amsa ce mai hikima, domin warwatsuwar harsashi tana girma ne tare da nisa. A ɗauka, a matsayin misali, bindiga tana tara harbinta cikin santimita 15 a mita 25. A mita 100 da'irar za ta kai santimita 60 ko fiye. Haɗin da ya isa ga gada a taki talatin, kuskure ne a taki ɗari. Dalilin yana cikin bututun. Bindigar zamani tana da zane murɗaɗɗe a ciki wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, juyin kuma ke miƙar da shi. Cikin adaka sumul yake. Ko bindigogin sojan Turai na ƙarni na 18, waɗanda adaka ta gaji siffarsu ta hannun 'yan kasuwar Denmak da sauran Turawa a gaɓar Afirka ta Yamma, da wuya su sami mutum guda da gangan bayan mita 100.

Sannan ga damina. Baƙin albarushi yana shan laima, kuma wanda ya tashi da ƙarfi a watan Janairu zai iya yin sanyi a Agusta, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Gwajin da aka yi da rani ba ya zama shaida a cikin marka.

Akwai kuma wata iyaka da ta fi saiti muhimmanci, ita ce ƙarfin bututu. Wanda ya ga harbinsa ba ya kai wa nesa yakan ji sha'awar ƙara albarushi, ko ya zuba irin na harsashin zamani, wanda matsinsa ya fi abin da bututun maƙera zai ɗauka. A nan ne bindiga ke fashewa a hannun mai ita. Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham a 1813 saboda irin wannan: ana ɗura wa bututu fiye da abin da zai saba ɗauka, idan ya jure a buga masa hatimi. Adakar da aka ƙera a ƙauye, sau da yawa hannun mai ita ne gidan gwajinta.

Doka ta san da ita. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa; na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba wa lasisi; sai masu ɗurin baki, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera harsashin zamani kuwa an hana shi ga ɗaiɗaikun mutane, don haka abin da Ba'amurke ke yi a garejinsa laifi ne a nan. Sai dai dokar ta fi damuwa da wanda ya riƙe bindiga, fiye da abin da bindigar za ta iya.

Wannan giɓin ne ya shafi masu zama a ofisoshin Abuja. A ranar 29 ga Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. A watan Nuwamba aka ƙwato garin, kuma maharba da 'yan banga sun taka rawa tare da sojoji. Tun daga lokacin sunan maharban Adamawa, irin su Aisha Bakari Gombi, ya kewaye duniya, kuma duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare sai a ji ana cewa a nemo maharba. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar masu gadin daji, wadda ake sa ran 'yan ƙasa masu sanin dazuzzuka za su cika ta.

Abin da maharba suka kawo a 2014 sanin ƙasa ne da ƙarfin zuciya: wace hanya ke ratsa dutse, wane sawu ne na baƙo. Kuskure ne a ɗauki nasararsu a matsayin shaidar cewa makaminsu ya isa. Duk takardar da za ta tura maharbi bakin daga ya kamata ta faɗi da wace bindiga zai tafi, wa ya gwada ta, sau nawa, kuma a wane nisa ake sa ran zai yi amfani da ita.

AK-47 da ke hannun 'yan ta'adda da masu garkuwa da mutane tana kai wa mita 300 da saiti, kuma tana ɗaukar harsashi 30 a jere. Adaka harbi ɗaya take yi. Kafin mai ita ya sake ɗurawa sai ya sauke ta, ya zuba, ya danna, kuma a duk tsawon wannan lokaci yana cikin nisan da abokin gaba ke ganin maɓallin rigarsa.