Farin Ƙarfe Marar Tsatsa A Maƙerun Dawakin Kudu Da Kura

Tun daga shekarar 1974 da aka gama ginin madatsar ruwa ta Tiga, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, ake samun ruwan noma a gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, rani da damina. An tsara kashin farko na wannan shiri na noman rani ne domin ya shayar da ƙasa mai faɗin kadada wajen 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke lura da shi. Amfanin da aka samu ba ya bukatar dogon bayani ga duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ko buhunan shinkafa a Kura. Amma inda ruwa ya zauna, tsatsa ma ta sami wurin zama. Abin da ya sa ke nan masu walda da maƙeran wannan yanki, har da na Dawakin Kudu da ke maƙwabtaka da shi, suke ƙara mai da hankali ga wani irin farin ƙarfe mai ƙyalli wanda 'yan kasuwa ke kira sitenlas, mata kuwa suka san shi a jikin cokula da kwanonin silba.

Dalilin haka a fili yake. Mai turara shinkafa tana jiƙa shanshera a duro, ta hura masa wuta, gobe ta sake. Idan duron na baƙin ƙarfe ne, ba a daɗewa cikinsa zai yi ja, jan nan kuwa yakan dusashe hasken shinkafar, ya rage mata daraja a kasuwa. Mai injin markaɗe yana zuba tumatir da attaruhu a mazurari wuni guda, ruwan tumatir kuwa yana da tsami, tsamin nan yana cin baƙin ƙarfe, yana kuma cin tutiyar da ake shafa wa kwano irin na rufi, duk abin da ya ci kuma cikin miyar jama'a yake ƙarewa. Shi ya sa manyan masana'antun abinci, irin na sarrafa tumatir da kamfanin Ɗangote ya buɗe a Kadawa a 2016, suke yin tankunansu da bututunsu da ƙarfe marar tsatsa. Ƙaramin maƙeri ba shi da ƙarfin yin irin wannan, abin da yake iya saye shi ne falle ɗaya ko biyu marasa kauri, ko kuwa siririn langa-langa na faci da ɗaure baki.

Shi wannan ƙarfe bai daɗe ƙwarai a duniya ba. A 1912 kamfanin Krupp na Jamus ya yi rajistar wani gauraye na ƙarfe da kuromiyam da nikel, sa'an nan a 1913 wani masani mai suna Harry Brearley, a birnin Shefil na Ingila, ya narka nasa sa'ad da yake neman ƙarfen da zai jure a bakin bindiga. Asirin abin yana ga kuromiyam. Muddin ya kai kashi 10.5 cikin 100 na gaurayen, to, yakan haɗu da iska ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ce ke tsare ƙarfen. In an karce ta, sai ta sake yin kanta, in dai iska na isa wurin. Watau ba fenti ba ne ko shafe da zai ɓare, kariyar daga jikin ƙarfen take fitowa.

To, a nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin sunan ɗaya ne amma ƙarfen iri-iri ne, kuma da lamba ake rarrabe su. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne wanda duniya ta amince da shi wajen kayan abinci. Mai lamba 316 an ƙara masa wani sinadari, molibdinam, kashi 2 zuwa 3, don ya jure gishiri, ya kuma fi tsada. Mai lamba 430 ba shi da nikel, yana da sauƙin kuɗi, ya dace da wurin da ba ya jiƙa kullum. Sai kuma mai lamba 201, wanda aka rage wa nikel aka cike gurbin da manganis saboda araha. A rumfar ɗan kasuwa dukkansu ƙyalli ɗaya suke yi. Sai bayan an yi watanni ana zuba musu ruwan tumatir da gishiri sa'an nan ɗige-ɗigen tsatsa za su nuna wanda aka saya, a lokacin kuwa kuɗi sun riga sun tafi.

Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu saye, ta ɗora mayen ƙarfe a jikin falle, in bai kama ba a ce na kirki ne. Wannan gwaji rabin gaskiya yake faɗi. Lalle mayen ƙarfe yana kama 430, ba ya kuma kama 304, amma 201 ma ba ya kama shi, ga shi kuwa shi ne aka fi sayarwa da sunan 304. Bugu da ƙari, 304 na ainihi yakan ɗan ja mayen ƙarfe a inda aka lanƙwasa shi ko aka buge shi, har mutum ya ƙi na gaske ya ɗauki na jabu. Abin da ya fi tabbas shi ne lambar da masana'anta ke bugawa a jikin fallen ko ledar da aka lulluɓe shi da ita, da takardar shaidar da ke biyo kaya, da kuma wani ruwan gwaji da ake ɗigawa ya sauya launi.

Kauri ma wurin cuta ne, amma shi sikeli yana tona shi. Falle mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, in kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa ya kamata ya kusa kilo 24. In milimita 0.8 ne, kilo 19 ne kawai. Wanda ya biya kuɗin na farko aka ɗora masa na biyu ya yi asarar kilo 5, watau kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saya. Maganar geji da ake yi a kasuwanni irin na Ƙofar Ruwa ba ta isa ba, domin lambar geji takan bambanta daga wani irin ƙarfe zuwa wani. Ya kamata ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangilar sayen tukwanen makarantar kwana, ko kayan ƙungiyar mata masu gyaran shinkafa, ya rubuta lambar ƙarfe da kaurinsa da milimita. In ya rubuta "ƙarfe marar tsatsa" kurum ya yi shiru, ɗan kwangila ya kawo 201 mai kaurin takarda, babu dokar da ya karya.

Ko an sayi na kirki, aikin bai ƙare ba, don kuwa ana iya kashe shi a maƙera. Ƙarfen 304 ba ya watsa zafi da sauri, abin da yake kaiwa bai wuce sulusin na baƙin ƙarfe ba, amma ya fi shi miƙewa da kusan rabi in ya ji wuta. Saboda haka mai waldar da ya saba da ƙofofi da tagogi, in ya sa wa siririn falle wutar da ya saba, ko dai ya huda shi ko ya karkace ya zama kamar ganyen kabewa. A masana'antu da iskar agon ake waldarsa, wadda ke tsare narkakken ƙarfen daga iska. Wanda ba shi da wannan inji sai ya nemi sandar waldar da aka yi domin wannan ƙarfe, irin mai lamba 308L, ya rage wuta, ya riƙa ɗiga walda nan da can yana bari tana hucewa. In aka yi da sandar baƙin ƙarfe, layin waldar ne zai fara tsatsa. Haka nan dutsen gurza ko burushin waya da ya riga ya ci baƙin ƙarfe yakan bar ɓurɓushi a jikin farin, ɓurɓushin ya yi ja, mai kaya ya ce an cuce shi alhali fallen ba shi da laifi. Wajen huda shi kuma, gaggawa ɓata aiki take yi, domin ƙarfen yana ƙara tauri in bakin maƙoyi ya yi ta zamewa a kansa, sai a hankali da dannawa. Hayaƙin waldarsa yana ɗauke da kuromiyam mai cutar da huhu, bai kamata a bar yara masu koyo suna shaƙarsa a rufaffen shago ba.

Tun da tsadarsa ta ninka ta baƙin ƙarfe, hikima ita ce a sa shi inda abinci ko danshi ke taɓawa kaɗai. Ƙafafun inji da firam ɗinsa baƙin ƙarfe mai fenti ya ishe su, amma mazurari da bakin fitar markaɗe su zama na fari. A duron turara shinkafa, farantin nan mai huji-huji da ake sawa a tsakiya don ya raba shinkafa da ruwa, tururi kaɗai ya riƙa hawa, shi ne ya fi cancanta. Sai dai a kula da mahaɗa. In aka kama farin falle da ƙusar baƙin ƙarfe ko ta alminiyam a wuri mai laima, ƙusar ce za ta ruɓe, da sauri fiye da yadda za ta yi in ita kaɗai ce. Kuma kada sunan ya ruɗi kowa, gishiri da ruwan bilic da takin zamani mai fotash suna huda ko da 304 ne in an bar su sun kwana a kansa ba a ɗauraye ba.

Daga ina fallen yake zuwa? Daga ƙetare. Ƙasar Sin ita kaɗai tana narka fiye da rabin ƙarfe marar tsatsa na duniya, Indiya da Indunusiya na biye da ita, a nahiyar Afirka kuwa masana'antar da ta shahara ita ce Columbus Stainless da ke Middelburg a Afirka ta Kudu, ƙasar da ta fi kowa arzikin ma'adinin kuromiyam. A gida Nijeriya, an fara aikin Ajaokuta a 1979 tare da Tarayyar Sobiyet, har yau babbar tanderunsa ba ta narka ƙarfe ba, masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodi da waya aka gina su su yi. Don haka duk lokacin da Naira ta faɗi, ko nikel ya hau a kasuwar ƙarafa ta Landan, sai farashin falle ya motsa a Kano, ɗan kasuwa ya ƙara karkata ga 201, maƙerin Kwanar Dawaki kuma ya koma neman tsofaffin tankuna da tirori a wurin 'yan gwangwan ya yanko faci.

Akwai abin da makarantu za su iya yi ba tare da jiran Ajaokuta ba. Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda aka buɗe a 1977 tare da takwararta ta Dawakin Tofa, ta yaye injiniyoyi da likitoci masu yawa, kuma gwajin da ake bukata bai fi ƙarfin ɗakin bincikenta ba. A yanko guntaye uku daga falle uku, a rubuta wa kowanne lamba, a riƙa fesa musu ruwan gishiri ko na tumatir safe da yamma ana barin su su bushe, a rubuta ranar da kowanne ya fara ɗige. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1971, ita ce ke da hurumin tilasta wa masu shigo da kaya su bar lambar ƙarfe da kaurinsa a jikin kowane falle har ya isa rumfar ɗan kasuwa.