Luwiza: Abubuwa Tara Masu Ban Mamaki Game da Ganye Mai Ƙamshin Lemun Tsami

A Maroko, idan dare ya yi, gidaje da yawa kan jiƙa ganyen luwiza a ruwan zafi su sha kafin barci. Masana tsirrai na kiranta Aloysia citrodora. Masu rainonta a tukunya, a rumfar gilashi ko a cikin ruwa sun san tana da halaye da ke rikita sabon shiga. Ga tara daga ciki.

1. Ba ta da dangantaka da lemun tsami. Ƙamshin ne kawai ya haɗa su. Sinadarin sitral da ke cikin man ganyenta shi ke kawo wannan ƙamshi, kuma shi ne dai ke cikin ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo. Danginta na jini su ne tsirrai irin su Lippia multiflora, wadda ke fitowa a dazukan Afirka ta Yamma, ana kuma shan ganyenta a shayi.

2. Baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. Asalinta ƙasashe irin su Ajantina da Bolibiya ne. Mutanen Sifaniya suka kai ta Turai, kuma a 1784 masanin tsirrai Antonio Palau ya raɗa mata suna don girmama Mariya Luwisa, matar yariman da ya zama Sarki Karlos na Huɗu.

3. Ganyenta uku-uku yake fitowa. A duba kowace gaɓa a reshe, galibi za a ga ganye uku sun kewaye ta, dogaye masu ɗan kaushi. Da wannan ake gane ta a wurin masu sayar da dashe.

4. Takan yi kamar ta mutu alhali da ranta. Wannan shi ne babban abin da ke yaudarar mutane. Da sanyi ya tsananta, ko rana ta gajarta, ko aka ɗauke tukunyar daga fili aka shigar da ita ɗaki, sai ta zubar da ganyenta kaf, a bar ka da sanduna tsirara. Barci take yi. A ƙasashen sanyi tana cikin tsirran da ke makara wajen tohowa, shi ya sa ake zubar da lafiyayyu da yawa a bola. A kankare ɓawon reshe da farce: in ciki kore ne, a ƙara haƙuri.

5. Yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta. Tausayi ne ke jawo asarar. Mai ita ya ga ganye ya zube, sai ya ƙara ruwa, alhali itacen da ba shi da ganye ba ya shan ruwa sosai. Ruwan ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Tukunya mai faɗin santimita 30 ko fiye, mai huji a ƙasa, da ƙasa mai haɗin yashi, su ne kariyarta. A bari saman ƙasar ya bushe kafin a sake zubawa.

6. Duk da haka, tana rayuwa a noman ruwa. Ta yaya saiwar da laka ke ruɓarwa za ta zauna ba ƙasa? Sirrin iska ne. Abin da ke kashe saiwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa rashin iskar oksijin ne, yayin da a noman ruwa famfo ke hura iska ko ya riƙa juya ruwan takin. Da yake itace ne mai nauyi, bokiti cike da ɓawon kwakwa ko ƙwallayen gasasshen yumɓu, ana ɗiga masa ruwa, ya fi dacewa da ita a kan siraran bututun da ake noman latas a ciki. Ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, ana riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5.

7. Ba a dogara da irinta. Da wuya ta ba da iri mai tsira, musamman a ƙasashen sanyi. Reshe ake yanka a dasa, kamar yadda ake yi wa rogo, sai dai nata ɗanyen reshe mai taushi ake zaɓa a lokacin zafi.

8. Ƙamshinta bai hana ƙwari ba. A rumfar gilashi, farin ƙuda da wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo sun fi kowa son ta, musamman in iska ta bushe. Ƙasan ganye suke ɓuya, don haka can ake dubawa, a wanke su da feshin ruwa tun ba su yi yawa ba.

9. An yarda a sha, an hana a shafa. Shayinta sananne ne a Faransa da Girka, amma dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta hana sa tataccen manta a turare, saboda yana iya tayar da ƙaiƙayi da borin fata.

A fili takan kai tsawon mita 2 zuwa 3, a tukunya kuwa yawan tsinke kan rassa ne ke sa ta cika ta yi duhu. Duk mai son ta daɗe a hannunsa, ya ba ta rana sosai, ya rage hannu wajen ruwa, kuma kada ya yanke mata hukunci a lokacin sanyi.