Sarƙar awon gona nawa ce tsakanin Duniya da Rana?

Masana ilmin taurari ba su cika amfani da mil ko kilomita ba idan suna bayanin nisan da ke tsakanin duniyoyi, domin alƙaluman kan yi yawan da ba sa riƙuwa a ka.

Ma'aunin da suka dogara da shi, wanda suke kira AU a taƙaice, shi ne matsakaicin nisan Duniya daga Rana. A shekarar 2012 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tsayar da shi a kan mita 149,597,870,700. Haske kan keta wannan tazara cikin minti 8 da daƙiƙa 19.

To, yaya lissafin zai kasance idan aka koma ga ma'aunin masu safiyo?

Sarƙa da fuloti

A shekarar 1620 ne Edmund Gunter, wani malamin lissafi da taurari a Ingila, ya fito da sarƙar awon ƙasa mai tsawon ƙafa 66, wato mita 20 da ɗoriya. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya, fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa ɗaya kuma shi ne eka.

Idan aka raba nisan Rana da tsawon sarƙar, za a sami sarƙa kimanin biliyan 7 da miliyan 436, ko kuma mil miliyan 93. Wata kuwa, da yake kusa, sarƙa miliyan 19 ce ta raba mu da shi.

Da za a jera fuloti mai tsawon ƙafa 100, irin wanda ake yankawa a biranen Nijeriya, sai an haɗa kusan biliyan 5 kafin a kai Rana.

Inda gizo ke saƙa

Lissafin ba shi da wuya. Matsalar ita ce suna ɗaya kan ɗauki tsawo iri-iri. Kamu, taki da gaba da Hausawa suka gada sun danganta ne ga jikin mai awo, shi ya sa kamun dogo ba ya zama daidai da na gajere.

Tarihi ya nuna abin da irin wannan ruɗani kan haifar. Wajen shekarar 830, masanan Halifa Ma'amun sun auna faɗin Duniya, al-Fargani kuma ya rubuta sakamakon da mil na Larabawa.

Da Kolumbus ya ɗauki wannan adadi kafin tafiyarsa ta 1492, sai ya lissafa shi da mil na Rumawa, wanda ya fi gajarta. Hakan ya rage masa girman Duniya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya zaci Asiya na kusa. Ba don nahiyar Amurka ta tare masa hanya ba, da guzurinsa ya ƙare a tsakiyar teku.

Ko a wannan zamani, Amurka ta daɗe tana da ƙafa iri biyu, ta masu safiyo da ta ƙasa da ƙasa, har zuwa ƙarshen 2022 da ta ajiye ta farkon. Bambancinsu kashi biyu ne kacal cikin miliyan. A gona ba wanda zai lura da shi, amma a nisan Rana ya kai kusan kilomita 300.