Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Kaskon Ƙosai

Da sassafe, kafin 'yan ƙarafa da masu kayan gini na Ƙofar Ruwa su gama buɗe rumfuna, mai ƙosai ta riga ta ɗora kasko. Ka tsaya ka dubi man. Na jiya ne, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta, aka tsiyaya sabo a kai. Ƙullu na faɗawa sai kumfa ta taso, hayaƙi ya biyo. Masu saye dai sai miƙa kuɗi suke, babu mai tambayar asalin man.

Alhali tarihin mai bai yi nisa da wannan kasko ba. A maƙwabta, wajen Ƙofar Mazugal, aka taɓa jera dalar gyaɗa, kowace kan ci buhu kimanin 15,000. Mukan tuna Alhassan Ɗantata da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, amma ba kasafai muke tambayar abin da Turawa ke yi da gyaɗar ba. Su auduga suka so a noma musu. Abin da ya ɓata musu lissafi daga Jamus ya fito, inda Wilhelm Normann ya yi rajistar dabarar daskarar da mai a 1902: a cusa masa iskar haidurojin tare da ƙarfen nikel, sai ruwan mai ya kama jikinsa kamar man shanu. Masana'antun bota na Turai suka shiga neman mai ido rufe, gyaɗa ta yi daraja, manomin Kano ya juya wa auduga baya. Ai ko kasuwa ta faɗi gyaɗa a ci ta a gida, auduga fa?

Sai dai dabarar ta zo da baƙo a ɓoye. Idan daskarewar ba ta kai ƙarshe ba, wani sashe na man yakan sauya siffa ya zama abin da masana ke kira kitsen tirans. Shi wannan yana ɗaga mugun kolestarol a jini, ya kuma rage mai amfanin, har hanyoyin jinin zuciya su cushe.

Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan batu shi ne Fred Kummerow na Jami'ar Ilinois a Amurka, haifaffen Balin a 1914. Ya riƙa karɓo jijiyoyin mutanen da ciwon zuciya ya kashe daga asibiti yana bincikawa, ya tarar da wannan kitse jibge a ciki, ya wallafa sakamakon a 1957. Aka yi kunnen uwar shegu da shi. A lokacin man shanu da ƙwai ake tsangwama, botar kamfani kuwa ita ce abincin masu kula da lafiya. Shi ko bai fasa cin ƙwansa soyayye da man shanu kowace safiya ba. A 2009 ya kai ƙorafi ga hukumar abinci da magunguna ta Amurka, aka yi shiru. A 2013, yana da shekara 98, ya maka ta a kotu. A 2015 hukumar ta ba kamfanoni shekara uku su daina amfani da irin wannan mai. Ya rasu a 2017 yana da 102, saura shekara guda wa'adin ya cika. Ni dai naci irin nasa ya fi burge ni a kan binciken kansa.

A nan gida, dokar mai da kitse ta 2022 ta hukumar NAFDAC ta ƙayyade cewa kitsen tirans kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Inda abin ya fi shafa shi ne daskararren man da ake kwaɓa burodi, cincin, kek da biskit.

Kada a ɗora wa man gyaɗa laifin da ba nasa ba. Wanda mata ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli bai taɓa haɗuwa da haidurojin ba, kuma yawancin maiƙonsa na kirki ne. Matsalar kaskon mai ƙosai daban take: zafi da iska da maimaita suya su ke lalata man, ya yi kauri, ya yi ɗaci, ya tara sinadarai masu cutarwa. Ƙara sabo a kai tsarma ne kawai. Ita ma ta san haka, amma ka tambayi kuɗin galan a yau kafin ka ce ta zubar.

Doka kuma a kan kwalba mai tambari take da haƙora. Tun 2002 aka wajabta sa sinadarin bitamin A a man girki a Najeriya, sinadarin da hasken rana ke kashewa. Man da yawancinmu ke saye kuwa na awo ne, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa gorar ruwa marar rubutu, a jere kan tebur a bakin titi, rana na dukansa tun hantsi har la'asar.