Masu Ɗinka Tufafin Mutanen Da: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk watan Satumba, a garin Bath da ke kudu maso yammacin Ingila, ɗaruruwan mutane kan fito titi cikin shigar da aka daina yi tun shekara ɗari biyu da suka wuce. Mata cikin dogayen riguna marasa nauyi waɗanda ƙugunsu ke can sama a ƙarƙashin ƙirji, maza kuma da kwat mai jela da doguwar hula. Biki ne na tunawa da marubuciya Jane Austen, wadda ta zauna a garin daga 1801 zuwa 1806, an kuma fara shi a 2001. A 2014 mutum 550 aka ƙirga cikin wannan shiga a wuri ɗaya. Ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne, ba kuma biyansu ake yi ba. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, akwai 'yan fansho, kuma da yawansu da hannunsu suka ɗinka abin da ke jikinsu.

Wannan sha'awa ta girmi bikin Bath. A 1966 wasu matasa a Berkeley ta jihar Kalifoniya suka kafa ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda 'ya'yanta ke kwaikwayon rayuwar kafin shekarar 1600. A 1968 aka kafa Sealed Knot a Ingila, masu maimaita yaƙin basasar ƙasar na shekarun 1640. Wasu don hawan doki da wasan takobi suka shiga, sai ɗinki ya zame musu dole. Wasu ko ba ruwansu da fagen fama: allura da zare ne suka ja su, burinsu kawai su gano yadda telan wancan zamani ya haɗa riga har ta zauna yadda ake ganinta a tsofaffin zane-zane.

Abu na farko da duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya wa sabon shiga shi ne kada ya fara da rigar sama. Ita ce ke ɗaukar ido, ita ce kuma ake fara sha'awa, amma surar da ake gani ba daga ita take fitowa ba. Daga ciki ake ginin. Mace a Ingila ta 1810 takan fara da shimi na farin lilin, mai sauƙin wanki, wanda shi ke shan zufa domin rigar sama ba kasafai ake wanke ta ba. A kan shimin sai rigar ɗaure jiki, irin wadda telolin amare a yau ke kira koset, da ɗan siririn katako da ake zurawa ta gaba don ya miƙar da jiki. Sai fatari, sannan riga. In aka tsallake koset ɗin, ko da yadin ya kai na sarauniya tsada, ƙugun rigar ba zai tsaya inda ya kamata ba, kuma mai ido zai gane daga nesa. Haka abin yake a kowane zamani. Faffaɗan siket ɗin nan na shekarun 1860 yana buɗewa ne a kan wani keji na siraran ƙarafa da ya yaɗu daga 1856. Saboda haka sai an gama kayan ciki, an saka su, sannan a ɗauko tef a yi awon rigar waje.

To daga ina suke sanin yadda ake yankan? A nan sunan wata mata Baturiya, Janet Arnold, ba ya ɓacewa a bakinsu. Ta yi shekaru tana shiga gidajen adana kayan tarihi, tana juya tsofaffin riguna ciki da waje, tana auna kowane ƙyalle, tana zana shi a takarda mai layin murabba'i yadda kowa zai iya faɗaɗa shi zuwa girman jikinsa. Littafinta na farko a jerin Patterns of Fashion ya fito a 1964, kuma har ta rasu a 1998 ba ta bar aikin ba. Bayan littattafai irin nata akwai hotunan tufafin da gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da na Metropolitan a New York suka zuba a intanet, sai zane-zanen yayi na tsofaffin mujallu kamar Ackermann's Repository da ta fara fita a 1809. Zanen mujalla dai ana ɗaukarsa da taka-tsantsan, don mai zane yakan ƙara wa mace tsawo ya rage mata ƙugu. Rigar da ta tsira ita ce shaida mafi ƙarfi.

Wanda ya duba irin wannan riga da kyau zai ga abin da telan zamani zai ɗauka kuskure ne. Ɗinkin kafaɗa ba a saman kafaɗa yake ba, ya zame baya. Bayan rigar ɗan ƙanƙani ne, hannuwan kuma an dasa su can ciki wajen allon kafaɗa, yadda dole mai rigar ta ja kafaɗunta baya ta miƙe. Wanda ya gyara wannan ya mayar da shi irin yankan yau, ya sami riga mai daɗin sakawa, amma ba ta 1810 ba ce. Zai kuma ga haɗe-haɗe a wuraren da ba a zata ba: ɗan ƙyalle kamar tafin hannu an jona a gefen siket, wani a ƙarƙashin hannu, wani lokaci ma zanen yadin bai dace da na kusa da shi ba. Dalili shi ne a wancan zamani yadi ne mai tsada, aikin tela kuwa araha. Silikin ƙarni na 18 faɗinsa bai wuce inci ashirin da 'yan kai ba, kuma ba a yarda ko ƙyalle ya faɗi a banza. Rigar ciki ta maza, ta farin lilin, kusan duk murabba'i ne da dogayen ƙyallaye masu kusurwa huɗu, da ɗan ƙyalle a hammata don hannu ya sami sakewa. A ganina babu wurin fara koyo da ya fi wannan riga, domin ba ta bukatar takardar yanka, tana kuma koya wa hannu duk ɗinkin da zai bukata daga baya.

Maganar hannu ita ce ke raba masu harkar gida biyu. Elias Howe ya yi wa keken ɗinkinsa rajista a 1846, Isaac Singer ya biyo a 1851, saboda haka kusan duk tufar da ta gabaci wannan lokaci da hannu aka yi ta, tun daga ɗinkin ciki har kalmasa. Masu tsananin bin asali ba sa kusantar keke. Sukan ja zaren lilin a kan kakin zuma don kada ya tsinke ko ya harɗe, su yi ɗinkin koma-baya inda riga ke shan ja, su bi sauran da ƙananan ɗinki jere. Ramin igiyar koset ba a yanka shi da almakashi: tsinke ake turawa ya raba zaren yadin ba tare da ya tsinka ko ɗaya ba, sannan a kewaye bakin ramin da zare, shi ya sa ba ya yagewa. Wasu kuma sukan ce rai ɗaya gare su da aikin ofis da yara, sai su bi dogayen ɗinkin ciki da keke, duk inda ido zai gani su yi da hannu. Ban ga laifin wannan ba, muddin mutum bai ce wa jama'a aikin hannu ne zalla ba. Abin da kowa ya yarda a kai shi ne zif ba shi da wuri, don sai a shekarun 1930 ya zama ruwan dare a tufafi. Kafin nan igiya ce, da maɓalli, da ƙugiya, da fil. Matan ƙarni na 18 da fil suke maƙale gaban rigarsu kowace safiya.

Yadi ma haka. Lilin, ulu, siliki da auduga, su ke nan. Yadin roba na foliyesta sai a 1941 aka ƙirƙiro shi, kuma ban da ƙyallinsa da ke tona asiri, yana dafa mutum in an jera kaya hawa huɗu a rana. Launi ma yana da shekarunsa: rinin kimiyya ya fara ne a 1856, lokacin da wani yaro ɗan shekara 18, William Perkin, ya samo wani launi mai ruwan shunayya yana cikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Kafin nan yawanci daga baba da saiwoyi da wasu ƙwari ake samun launi. Tunda yadin kirki tsada gare shi, ba mai sa masa almakashi kai tsaye. Ana fara gwajin riga da akoko ko tsohon zanen gado, a saka, a gyara, a sake, sai ta zauna sannan a taɓa na gaske. Da yawa a gwanjo suke samo labulen siliki ko zanen gadon lilin su mayar riga. Akwai kuma inda ake barin asali da gangan, kuma daidai ne a bar shi. Ƙarfin koset a da daga wani abu ne mai lanƙwasa da ake cirowa a bakin ƙatuwar dabbar tekun nan wel, yau kuwa roba ake sawa ko ƙarfe ko ciyawar kara. Farar hodar dalma da wani koren rini mai gubar asinik, waɗanda suka cuci mutanen da, ba wanda ke neman dawo da su.

Sai ƙananan kaya, waɗanda su ne ke cika shiga. Mutum zai yi wata uku a kan riga, ya fito da gashin zamani da tabarau na roba da takalmin gudu, sai duk wahalar ta tafi a iska. Matar 1810 ba ta fita ba hula mai igiya a haɓa, da safar hannu, da mayafi. In matar aure ce, ko a cikin gida akwai 'yar farar hula a kanta. Da rana tana rufe wuyan riga da ɗan farin ƙyalle, sai da dare a wurin rawa ake barin sa. Mayafin da ake ji da shi daga Kashmir yake zuwa, har masaƙan garin Paisley a Sikotilan suka shiga kwaikwayonsa, lallausan farin yadin rigar kuma asalinsa daga Bengal ne, musamman Dhaka. 'Yar jakar hannu ma tana da dalili. A ƙarni na 18 aljihun mata jaka ce daban da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin siket, ana zura hannu ta wata tsaga. Da riguna suka zama sirara marasa kauri, aljihun ya rasa maɓoya, sai ya fito fili ya koma hannu. Namiji kuma darajarsa na wuyansa: dogon farin ƙyalle mai sitaci da ake naɗawa a ɗaure, wanda wani ɗan ƙwalisa mai suna Beau Brummell ya mayar abin gasa a Landan. Ɗaurin nan kaɗai sai an yi ta gwadawa gaban madubi.

Akwai wani gibi da ke damun masu tunani a cikinsu, ni ma yana damuna. Rigunan da suka tsira a gidajen tarihi yawanci na masu hali ne. Na talaka ana sawa har ya mutu, a rage shi a ba yaro, a yi faci da shi, a ƙarshe tsumman ya tafi wurin masu yin takarda. Shi ya sa in ka je taro sai ka ga kowa ɗan sarauta ne, babu mai wanki, babu mai dako. Masu son ɗinka kayan talakawa sai sun bi ta wasu hanyoyi. Ɗaya ita ce sanarwar tsofaffin jaridun Amurka ta neman bayi da barorin da suka gudu, inda ake lissafa abin da suke sanye da shi dalla-dalla, abin karantawa mai ɗaci amma mai amfani. Wata kuma ta fito ne daga gidan marayu na Foundling Hospital a Landan. A tsakiyar ƙarni na 18, idan uwa ta kawo jaririn da ta kasa riƙewa, akan maƙala ɗan ƙyalle a takardar rajistarsa, sau da yawa daga tufarsa ko ta uwar, don ya zama shaida in ta dawo nemansa. Kusan ƙyalle 5,000 ne suka tsira. Daga su aka san irin atamfar da matan talakawan Landan ke sawa: furanni ƙanana, ɗigo-ɗigo, ratsin shuɗi da fari. Mafi yawan iyayen ba su dawo ba.

Mai karatu da ke da allura a hannu zai iya tambaya ko dole sai kayan Turawa. Ko kusa. Hanyar ɗaya ce ko'ina: a nemi tufar da ta tsira, a auna, a duba yadinta da zarenta. Manyan rigunan Hausa da Nufe na ƙarni na 19 suna nan a gidajen tarihi, har da British Museum, an haɗa su da siraran ƙyallayen saƙar hannu masu ɗimbin yawa, an yi musu aikin aska biyu ko aska takwas da zaren tsamiya, wasu da shafin jan alharinin da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yi dogon bayani kan saƙa da rinin birnin da nisan inda kayansa ke kaiwa. Wanda ya ce zai ɗinka irin wannan riga yadda aka yi ta a lokacin, ba da shadda da aikin injin ba, zai fara ne da neman masaƙin da har yanzu ke fitar da saƙi siriri, sannan ya nufi marina irin ta Ƙofar Mata, sannan ya sami dattijon da ya iya zana aska a kan yadi kafin a sa allura. Aikin wuya da aljihu kaɗai yakan ci watanni.