Neman Labarin 'Yan Baka Daga Kudancin Kaduna

Duk wanda ya ɗauki waya yana neman yadda kakanninmu suka riƙe baka shekaru ɗari biyar da suka wuce, abin da zai fara cin karo da shi hotunan mayaƙan Ingila ne da dogon bakansu, ko wani zane da kwamfuta ta ƙago aka rubuta masa "sojan Sarauniya Amina". Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kakuri, kuma irin waɗannan ɗalibaina suke kawo mini suna murna. Abin yana damuna ƙwarai, domin madogara ta gaskiya tana kusa da mu. Kuɗin mota ne kawai, a haye gadar Kaduna.

A can ƙetaren akwai Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon, sai gidan tarihi na titin Ali Akilu. Amma kafin mutum ya shiga, ya riƙe tambaya uku da zai yi wa kowace takarda: wa ya rubuta, yaushe, kuma da idonsa ya gani ko labari aka ba shi?

Ga Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ana kuma samunsa da Hausa a cikin Hausawa da Maƙwabtansu. Ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake sa zamaninsa tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, har ya kai yaƙi Turunku, nan ƙasar Igabi. Littafin bai tsaya bayanin ɗan baka ba, sarakuna da dawakai suka dame shi. Sai dai mai karatu ya tambayi kansa: me zai sa sarki ya naɗe doki da mahayinsa da auduga mai kauri haka, in ba kibiya ce take cinye masa jarumai ba? Ta haka ake hango ɗan baka a tsoffin takardunmu, ta irin tsoron da aka ji masa. Sannan a tuna littafin ya ƙare ne a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello na shekarun 1880. Tsakanin Kanajeji da wanda ya tattara labarinsa akwai kusan shekara ɗari biyar ta ji daga baki zuwa baki. Wannan bai zubar da darajarsa ba, amma kada a ɗauke shi shaidar gani da ido.

Shaidar gani da ido sai a ƙarni na 19. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya ba da labarin yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, kuma yana wurin. Dawakin jama'ar Shehu ba su wuce ashirin ba, Gobirawa kuwa sun zo da 'yan lifidi, amma 'yan baka suka karya su. Ƙanen Shehu, Abdullahi, shi ma ya rubuta nasa a Tazyinul Waraƙat. Waɗanda suka ci yaƙin ne suke magana, a riƙe wannan ma. Wanda yake son a tattara masa komai wuri ɗaya, da makamai da tsarin runduna, ya nemi littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Usmaniyya.

Inda na fi daɗewa da ɗalibaina shi ne labarin Kilafatan, Baturen da ya bi rundunar Bello zuwa Konya ta Gobir a 1826. Ya ga yadda kibau masu dafi suke zubowa daga ganuwa, amma wadda ta fi tsaya masa a rai wata tsohuwar baiwa ce Bazamfara, a kan doki, ta rataya goruna cike da ruwa, tana shiga inda ake harbi tana shayar da masu ƙishirwa da waɗanda aka raunata. Ba marubucin fada da zai ɓata tawada a kanta. Baƙo yakan ga abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani, ko da yake yakan yi kuskuren fassara abin da ya gani, kuma raini ba ya rabuwa da alƙalaminsa.

Rayuwar yau da kullum ta fi yaƙi wuyar samu. Liyo Afirkanus, wanda ya kammala littafinsa a 1526, ya ce mutanen Zazzau suna zuba garwashi a ƙarƙashin gadajensu lokacin sanyi. Masana suna shakkar ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, amma duk wanda ya kwana a gadon ƙasa na kakarsa da hunturu zai gane wannan magana tana da tushe. Bayansa sai a yi tsalle zuwa Bature matafiyi Barth da kasuwar Kano ta 1851, da Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya rubuta sana'o'i da al'adun Hausawa da ajami, da tatsuniyoyi da labaran da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913. Sai Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954: aure, goyo, girki, da fargabar mahara a ƙasar Zazzau. Duka suna da amfani, amma ban da Liyo, na ƙarni na 19 da na 20 ne. Ɗaukar abin da Baba ta gani a ɗora wa zamanin Amina ba daidai ba ne, kuma shi ne kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen da ake yaɗawa.

Sai kuma abin da ba ya cikin kowane ɗakin karatu. A wannan ɓangaren namu na kogi, daga Makera zuwa Kurmin Gwari har ƙauyukan Gbagyi na bayan Sabon Tasha, akwai tsofaffin maharba da maƙera. Na zauna da wani dattijo da ya gaji harbi wurin mahaifinsa, na ce, "Baba, me ya sa kibiyarku ba ta da gashin tsuntsu kamar ta Turawa?" Ya ce, "Malam, tamu ba ta nisa ba ce. Ka matsa kusa, dafi ya ƙarasa aiki." Ya nuna mini yadda ake zaɓen kyauro miƙaƙƙe, da murza tsarkiya, da amfanin kunnen kibiya da ke hana a zare ta. Da ya ambaci ƙwanƙwani, tsiron da ake dafi da shi, na duba littafin Dalziel na 1916 kan sunayen tsirrai na Hausa da ƙamus ɗin Bargery na 1934, na tarar maganarsa ta yi daidai da tasu. Haɗin dafin kansa bai faɗa ba, ban kuma matsa ba, sirrin gidansu ne.

Yanzu nakan tura ɗalibai biyu-biyu wurin irin waɗannan dattawa, da goro da izinin iyayensu. Su nemi yardar mutum kafin su naɗi murya, su rubuta rana da unguwa, su kuma tambaye shi daga wa ya ji, shi ma wancan daga wa ya ji. A ɗakin karatun makarantarmu muke ajiye abin da suka kawo, kusa da Tarihin Kano.