Robar Wuya da Idon Mai Wankin Ƙoda

Mai ciwon ƙoda daga Ikara, Makarfi ko Hunkuyi, idan abin ya kai ga wanki, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ake nufa da shi, wasu kuma su miƙe Kano, Asibitin Malam Aminu Kano. Akasari sai jiki ya tsananta ake zuwa, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Lokacin shiri ya wuce, sai a zura roba a babbar jijiyar wuya ko ta cinya a jona shi da na'ura.

Robar nan tana ceton rai, amma tana barin tabo. Idan ta daɗe, ko aka yi ta cirewa ana sakewa, takan goge bangon jijiyar daga ciki. Wurin sai ya warke da kauri, hanyar da jini ke bi ya koma zuciya ta tsuke. Jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin wuya ta fi saurin lalacewa, shi ya sa likitocin ƙoda ke kauce mata in da hali.

Sau da yawa matsalar ba ta fitowa fili sai an yi wa majinyaci haɗin jijiya a hannu, wanda ake kira fistula, dabarar da likitoci Brescia da Cimino suka bayyana a Amurka a 1966. Ana haɗa jijiya mai kawo jini da mai mayar da shi, sai jini ya riƙa kwarara da ƙarfi. In gaba a tsuke take, kamar manomin rake ne ya saki ruwa a lambatun da ya toshe: ruwan zai yi baya ya nemi wata hanya. Hannu ya kumbura, wani lokaci har fuska, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a ƙirji.

A wasu majinyata, ba su da yawa, jinin kan juya ya haura kai. Matsi ya ƙaru a cikin ƙoƙon kai, jijiyar gani ta kumbura. Alamunsa ciwon kai mai naci, ƙara a kunne, jan ido, gani biyu-biyu, ko duhu ya gifta na ɗan lokaci ya wuce. A nan ne mukan yi sake. Sai a ce gajiyar wanki ce, ko a sayo maganin ɗiga a kemis. Alhali in an gano da wuri ana iya buɗe jijiyar da ɗan balan-balan da ake zurawa ciki, ko a rufe fistular, gani kuma yakan dawo. In jijiyar gani ta riga ta mutu, babu maganin da zai farfaɗo da ita.

Akwai wata hanyar kuma da gani ke lalacewa. Mai nisan gida da ƙarancin kuɗi ba ya samun wanki sau uku a mako yadda ake so, sai ruwa ya taru a jikinsa. Ranar da ya zo, a ja ruwa mai yawa cikin awa huɗu, bugun jini ya faɗi, ga ƙarancin jini dama. Jijiyar gani na iya rasa jini a take, mutum ya sauka daga na'ura da ido ɗaya a dushe. Ga kuma ciwon suga da hawan jini, waɗanda tun kafin su kayar da ƙoda sun fara ɓarna a bayan ido.

Saboda haka wanda aka ce ƙodarsa ta yi rauni, tun bai kai ga na'ura ba ya tambayi likita zancen fistula, domin takan ɗauki mako 6 ko fiye kafin ta nuna. Ya kuma hana a huda jijiyoyin hannun da aka ware wa fistular, ko don ƙarin ruwa ne a asibitin ƙauye. Duba bayan ido sau ɗaya a shekara ya kamata, a Shika ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Amma duhun gani a ranar wanki, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya kafin a bar ɗakin.